Koyon Zama a Dresden Ta Hanyar Famfunan Zuƙe Iska

Na shigo Jamus da takardar shaidar fasahar injuna da ƙwarewar da na samu a wata masana'antar sarrafa abinci a Kaduna, bayan dokar shigo da ƙwararrun ma'aikata ta fara aiki a watan Maris na 2020. Kafin a ba ni damar riƙe ko da sifana, sai da aka tantance takarduna a Nuremberg, sannan na zauna aji na koyi Jamusanci har na iya karanta takardar gargaɗin haɗari ba tare da tafinta ba. A Dresden na samu aiki, birnin da ke bakin kogin Elbe, wanda arewacinsa ya cika da masana'antun ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin lantarki, irin su Infineon da GlobalFoundries da kuma Bosch, wadda ta buɗe tata a 2021.

Kamfanin da ya ɗauke ni kula yake yi da famfunan zuƙe iska, kuma wurin aikinmu benen ƙasa ne, ƙarƙashin ɗakunan da ake sarrafa faya-fayan silikon masu faɗin milimita 300, waɗanda a kansu ake ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin. A sama ma'aikata na sanye da fararen kaya daga kai har ƙafa, mu kuwa muna ƙasa cikin gunjin injuna, inda famfuna ke jere suna janye iska daga injunan da ke sama dare da rana. Sanyin hunturu da duhun da ke saukowa tun ƙarfe huɗu na yamma sun wahalar da ni a farkon zuwana, amma abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne fahimtar cewa a wannan aiki ana auna gwanintar mutum ne da famfon da bai taɓa tsayawa a hannunsa ba.

Dalilin haka yana cikin abin da famfon ke haɗiya. Idan ana shimfiɗa wani siririn rufi mai suna silikon naitirayid a kan faifai, ana haɗa iskar amoniya da wata mai ɗauke da kulorin, sai gishirin amoniyam kulorayid ya biyo bututu. Muddin akwai zafi yana wucewa a matsayin tururi, amma da zarar ya tarar da wuri mai sanyi sai ya daskare ya manne, kamar yadda manja ke yi a kwalba lokacin sanyi. Waɗannan famfuna ba su da mai a ɗakin zuƙar iska, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ke juyawa da jikin famfon ba ta kai milimita ɗaya ba, saboda haka ɗan abin da ya taru ya isa ya cike gurbin. Na ga wanda aka buɗe a wurin gyara: farin ɓawo ya lulluɓe ƙarafan, an yi ta kankara yana zubowa gari-gari, kuma da yake gishirin na jan danshi, ba a jima ba tsatsa ta bayyana a inda iskar ɗaki ta taɓa.

Maganin da ake yi shi ne a hana abin zama tun farko. Ana barin famfon ya yi aiki da zafi, ana naɗe bututun fitar iska da rigunan ɗumama har su wuce digiri 100, sannan ana hura naitirojin a ciki domin ya tsarma tururin ya kuma kare boris da giyar injin. Wani dattijo Bajamushe da na fara aiki a ƙarƙashinsa ya nuna mini cewa matsalar takan fara ne a gwiwar bututu ko a mahaɗar da aka manta ba a mayar mata da rigarta ba, domin tazarar tafin hannu ɗaya ta isa ta toshe layi. Shi ne kuma ya hana ni kashe famfo da zarar aiki ya ƙare, domin idan ƙarfe ya huce yakan tsuke, abin da ya taru ya ƙara tauri, sai famfon ya cije ya ƙi tashi. Idan kuwa ya cije ana tsakiyar aiki, tanda guda ta gasa faya-fayan, wadda famfon ke janye wa iska, na iya ɗauke da faifai 100, kuma dukansu suna cikin haɗarin lalacewa.

Abin da ya ba ni matsayi a cikin abokan aiki shi ne rubutu. Kowane canjin aiki ana duba yawan wutar da famfon ke ja, da zafinsa, da karkarwarsa, da matsin iska a mafita, kuma idan alƙaluman suna hawa sannu a hankali, sai a tsara ranar sauya shi tun yana da lafiya. Famfo ba ya barin masana'anta zuwa wurin gyara sai da takardar da ta bayyana duk iskar da ta ratsa shi, domin wasu guba ne, wata kuma mai suna silen takan kama da wuta da kanta idan ta haɗu da iska. Ina ganin wannan takarda haƙƙi ce ta wanda zai kwance famfon da hannunsa, shi ya sa nake cike ta da natsuwa ko da dare ya raba.

Har yanzu ina waya da maigidana na Kaduna, wanda famfunansa masu mai ne, kuma damuwarsa ita ce man da ke yin fari saboda tururin ruwa. Na ce masa, "Maigida, a rufe babban bakin shiga, a buɗe ƙaramin bawul ɗin da ke shigar da 'yar iskar waje, a bar shi ya yi kamar rabin awa da zafi kafin a kashe." Dabara ce ta fitar da tururin ruwa da masanin kimiyya Bajamushe Wolfgang Gaede ya ƙirƙiro tun 1935. Maigidan ya ce, "To ɗana, idan an ɗauke wuta fa?" Mun tsaya a kan cewa zai haɗa famfon da layin janareta, ya kuma ajiye littafin da za a riƙa rubuta launin man kowace Asabar.