Iskar da ke ɓuya a taɓon ƙasan ruwa

'Yan'uwa na Garuwa, kumfar nan da ke tasowa in an caka gora a taɓon tafkin Lagdo, yawanci gas ɗin metan ne daga ruɓaɓɓen ciyayi. Irinsa injiniyoyin gaɓar teku ke nema kafin kafa turakun gini a ƙasan ruwa. Na'urar sauti ke fara gano shi, hoton ƙasan ruwa da take nunawa ya dushe a wurin da gas ɗin yake.

Ɗibar samfur ce wahalar. Kowace mita 10 ta ruwa na ƙara matsi kusan bar 1 (wato kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu), to da taɓon ya fito sai gas ya kumbura, ya tsattsaga shi, ya tsere. Don Allah kada a yi jinkiri: a yanko taɓon kaɗan nan take, a toshe a kwalba da ruwan gishiri mai kauri, a girgiza, a auna iskar da ta taru a saman kwalbar. Gishirin ke hana bakteriya ƙara haifar da wani.