Inda na kai a kan "borrow" da "lend"

'Yan'uwa masu koyon Turanci, a makon nan na tsaya ne a kan "borrow" da "lend", domin da wuya a wuni a makaranta ko a ofis ba a ji wani ya ce "borrow me your biro" ba, alhali a daidaitaccen Turanci wannan jimla ba ta da gurbi.

Abin da na fahimta shi ne, harsunan biyu ba wuri ɗaya suka sa ido ba. Bahaushe ya fi damuwa da irin abin da ya shiga tsakani: idan shi kansa abin za a mayar, kamar tsani ko babbar riga, aro ne, idan kuwa madadinsa za a biya, kamar kuɗi ko mudun gero, to rance ne. Bature bai raba waɗannan ba, abin da yake dubawa kawai shi ne wa ya miƙa, wa ya karɓa. Mai karɓa shi ke da "borrow", mai bayarwa kuma "lend", ko keke ne ko miliyan goma.

Mu ma muna nuna wannan bambanci, sai dai a ƙarshen aikatau muke yinsa, shi ya sa ba ma lura. "Na ari littafi" daban yake da "na ara masa littafi", haka nan "na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi". Tun da na gane haka, atisayen da nake yi shi ne in fara gina jimlar da Hausa, duk inda na ji "mini", "masa" ko "wa" ta biyo bayan aikatau, sai in ɗauko "lend". Saboda haka "ara mini alƙalaminka" ta zama "lend me your pen", wanda kuma ya fi son ɗaya kalmar sai ya juya maganar ta koma kansa, ya ce "may I borrow your pen?" Ita "borrow" da "from" take tafiya, "lend" kuma da "to", kuma idan aikin ya wuce "borrowed" ake cewa da "lent", babu "lended". A ganina wannan hanya ta fi haddar ma'ana daga ƙamus amfani nesa ba kusa ba.

Na kuma tattara misalai daga wajen aji. Dokar da Amurka ta kafa a 1941 don bai wa Birtaniya da ƙawayenta kayan yaƙi sunanta "Lend-Lease", domin daga ɓangaren mai bayarwa aka raɗa mata suna. A lissafin ɗebewa kuwa, inda malamin firamare yake cewa mu aro ɗaya daga gidan gomomi, "borrow" ce ake amfani da ita.

Abin da bai zauna mini sosai ba tukuna shi ne "loan". A matsayin suna ba ta da wahala, bashin banki ne ko makamancinsa, amma Amurkawa kan yi amfani da ita a matsayin aikatau a wurin "lend", musamman a maganar kuɗi, kuma jimlolin da zan tara a mako mai zuwa ke nan daga jaridun Amurka da Birtaniya.