Abin da gungun Orion ya koya mini game da shekarun taurari

Tambayar da malamina ya ɗora ni a kai lokacin aikin digiri na biyu gajera ce: taurarin da ke cunkushe a tsakiyar gajimaren Orion, tare aka haife su, ko wasu sun girmi wasu da miliyoyin shekaru? Gungun yana nesa da mu kimanin tafiyar haske ta shekara 1,350, da dubban taurari, kuma babu wani wuri mafi kusa da mu da ake haifar manyan taurari a yanzu kamarsa.

A littafi, maganar ba ta da wuya. Gajimaren gas da ƙura yana da tsananin sanyi, wajen digiri 260 ƙasa da sifili. Idan wani ɓangare ya yi kauri har nauyinsa ya fi ƙarfin ɗan zafin da ke riƙe da shi, sai ya rufta cikin kansa, ya tsattsage, kowane tsagi ya zama tauraro. A wuri mai kauri irin tsakiyar Orion, ruftawar ba ta wuce shekaru dubu ɗari-ɗari. To amma da aka auna taurarin ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga kamar shekarunsu sun bazu, wasu har sun doshi miliyan 10. A 1999 masana taurari Francesco Palla da Steven Stahler suka ce haihuwar ta fara ne a hankali, daga baya ta ƙara sauri.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne yadda ake samo wannan shekarun tun farko. Babu wanda ke auna shekarun tauraro kai tsaye. Ƙaramin tauraro da bai fara ƙona haidirojin ba, haskensa daga matsewar da yake yi yake fitowa. Kullum yana ƙanƙancewa, yana dusashewa. Rana ma sai da ta shafe miliyoyin shekaru masu yawa a wannan hali. Don haka idan taurari biyu zafinsu ɗaya, wanda ya fi haske shi ake ɗauka ya fi ƙuruciya. Zafi da haske kawai ake aunawa, sauran duk lissafi ne.

Ranar da na fitar da zanen farko na zafi da hasken taurarin a kwamfuta, kowane tauraro ɗigo ɗaya, ɗigo-ɗigon sun warwatsu, na kai masa ina murna. Na ce, “Malam, ga shi nan, shekarunsu sun bambanta.” Ya ɗan duba, ya ce in koma in rubuto masa duk abin da zai iya sa tauraro ya ƙara haske ko ya rage ba tare da shekarunsa sun canza ba, sannan mu yi magana.

Takardar ta cika. Ƙura ce a sama. Duk wanda ya ga rana ta koma ja, ta dusashe a lokacin hazo, ya san abin da ƙura ke yi wa haske, kuma a Orion kaurinta ya bambanta daga wannan tauraro zuwa na kusa da shi. Sai tagwaye: taurari biyu da ke zagaya juna, na'urar hangen nesa ta gan su a matsayin ɗigo ɗaya. Hasken zai iya ninkawa biyu, lissafi kuma ya mayar da su jarirai. Ƙananan taurari suna da manyan tabo masu duhu a jikinsu, da yawansu kuma suna ci gaba da zuƙar gas daga faifan da ke kewaye da su, haskensu na hawa da sauka cikin 'yan kwanaki. Da na zuba waɗannan a kan taurarin gwaji da na ba shekaru iri ɗaya, ɗigon suka warwatsu kusan yadda na gani a zanen gaske. Tun daga ranar nake tsoron duk lambar da aka rubuta ba tare da an faɗi iyakar kuskurenta ba.

Hakan bai nuna cewa duk rana ɗaya aka haife su ba. A 2017 Giacomo Beccari da abokan aikinsa, da hotunan wata na'ura da ke Paranal a ƙasar Chile, suka ga taurarin sun jeru layi uku, kamar an yi haihuwa sau uku cikin ƙasa da shekara miliyan 3. Wasu suka ce tagwaye ne ke ruɗa ido, amma bayanan kumbon Gaia da suka fito a 2018 sun ƙarfafa batun layi ukun. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne manyan taurari ne ke kashe haihuwar. Da zarar sun kunnu, zafin haskensu ya kori gas. Idan cunkoso ya sa suka kusanci juna har ƙarfin jan junansu ya cillo su waje, gas ya sake kwararowa. Ba zato ba ne kawai cewa ana cillo su: taurarin AE Aurigae da Mu Columbae sun bar yankin Orion kimanin shekara miliyan 2.5 da suka wuce, kowanne ya yi nasa waje da gudun kusan kilomita 100 a daƙiƙa.

Mafi girman taurarin da suka rage a tsakiya, Theta-1 Orionis C, ya ninka Rana nauyi fiye da sau 30. Hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble na shekarun 1990 sun nuna yadda haskensa ke cinye faifan ƙananan taurarin da ke kusa da shi. Da ya daɗe yana haskawa haka, da faifan sun ƙare. Wannan ma agogo ne, kuma bai dogara da zanena ba ko kaɗan.

A babin ƙarshe ban rubuta shekarun kowane tauraro shi kaɗai ba, tazara na bayar ga rukuni-rukuni. Malam ya amince, ya ƙara da jan biro a gefe cewa in gwada sakamakon da yawan litiyom, sinadarin da tauraro ke ƙonewa a hankali, da ya rage a cikin taurarin, tunda shi ƙura ba ta taɓa shi.