Talata, muryata ta ɗauke gaba ɗaya

Murar ta wuce, hanci ya bar zuba, zazzaɓi ma babu, amma yau da asuba na buɗe baki in tada yara su yi salla sai iska kawai ta hito. Jiya dama muryar ta dishe tana hita da kaushi ƙasa-ƙasa, to yau ko wannan ɗin babu. Baban yara ya ce in yi zamana gida in aika ma direkte saƙo, na girgiza kai, don ni malama ce, ajina CE1 ne, aji na 3 a firamare, kuma kompozisiyo, wato jarrabawa, ta matso, in ban tahi ba rarraba su za a yi cikin wasu azuzuwa su wuni a takure ba abin da za su ƙaru da shi.

Inna ce ta hwara jin labari, kahin in gama shiri har ta ɗora tukunya. Citta ta daka da kanumfari ta tafasa, ta bari ya huce kaɗan sannan ta zuba zuma da lemun tsami, ta ce sha da ɗuminshi ɗiyata, kuma kar in ga kin taɓa ruwan randa yau. Na sha, wallahi maƙogwaro ya yi daɗi, ƙaiƙayin nan ya kwanta, amma murya shiru. Muna nan sai ga Hajiya maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwa, da ta ji abin da ake ciki ta ce ai wanga hakin wuya ne ya sauko, a kira wanzami shi cire a huta, ita ma haka anka yi mata tana budurwa. Ban da bakin ba ta amsa, na dai rusuna na gaishe ta da hannu na ɗauki jakata.

Hanyar lakkol kuwa sai hamdala. Hunturun bana ya zo da ƙura sosai, tun daga Wadata ba ka hangen nesa, iska na kwaso rairayi tana watsa ma mutane a huska, na ja gyale na ruhe hanci da baki bayan ɗan kabu-kabu har munka isa.

Cikin aji ne na san murya ita ce jarin malami. Yara sunka miƙe sunka gaishe ni da ƙarhi kamar kullum, na ɗaga masu hannu, na juya na rubuta a tabulo cewa yau madan ba ta da murya. Sai ajin ya yi tsit, wata ƙarama a benci na gaba har idonta ya cika da hawaye tana tambaya wai madan ta zama bebiya ke nan. Na kira wata yarinya mai kaihin karatu ta tsaya kusa da ni, ina nuna layi da sanda tana karantawa sauran na maimaitawa, lissahi kuma ardowazi munka yi, ƙananan allunan hannu na yara, in rubuta su rubuta su ɗaga in duba. In surutu ya tashi in tafa hannu. Abin ya tahi fiye da yadda na zata, sai dai akwai wurin da dole ka yi bayani, yaro bai gane aro a cikin ragi ba ba yadda za ka yi da sanda, nan na riƙa raɗa a kunnensu ɗaya bayan ɗaya ga ƙurar alli tana shiga mini wuya, kahin a tashi shan iska maƙogwarona har zogi shike.

Mushen CM2, malamin aji na 6, ya ganni zaune ƙarƙashin bedi na yi tagumi, ya zaro amoksisilin daga aljihu da Tom Tom ya ce madan ga wanga, ni duk sanda tawa ta dishe shi nike sha. Mutumin kirki ne kuma taimako ya yi niyya, na karɓi alewar na maida mashi ƙwayoyin. Ni dai raina bai kwanta da maganin da ba a rubuta mini ba, balle irin wanda ake yawo da shi cikin tire a rana.

Da anka tashi ƙarhe 12 na wuce likita ta unguwarmu, na iske majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, na rubuta mashi matsalata a bayan kaye don ba halin magana. Ya haska mini wuya da tocila, ya taɓa gefen wuyana, ya auna zahin jiki, ya tambaye ni ko numfashi na mini wuya ko haɗiyar miyau na gagara ko na ga jini a kaki, duk na girgiza kai. Sannan ya zauna ya yi mini bayani a natse, kuma don bayanin nan nike wanga rubutu, saboda malamai da masu talla da ladanai duk muna cikin wagga matsala kowane hunturu.

Ya ce cikin maƙogwaro, daidai ƙashin nan da ke tasowa a wuyan maza, akwai wasu tantani guda 2 da iska ke kaɗawa in za mu yi magana. Na mace suna kaɗawa wajen sau 200 a sakan guda, na namiji wajen sau 100 da ɗoriya, shi ya sa muryarsu ta hi kauri. To ƙwayar cutar da ta kawo mura ita ce ke sauka ta kumbura su, ga tari na ta buga su da juna, in sunka kumbura ba su haɗuwa daidai sai iska ta wuce ba sauti. Yawanci birus ne, kuma amoksisilin da ƴan uwanshi ba su kashe birus, asarar kuɗi ce kawai, kuma shan su barkatai shi ke sa randa kike da buƙatarsu da gaske su ƙi aiki. Ya ce abin kan warware da kanshi cikin mako 1 zuwa 2 in an bar wurin ya huta.

Da na rubuta mashi cewa raɗa nike ma yara sai ya ce a'a madan, raɗa ma wahal da su take, gara in ya zama dole ki yi magana ƙasa-ƙasa da muryarki ta ainihi, kalma kaɗan, ki yi shiru. Haka yawan gyaran murya da kakarin kaki, duk goga tantanin kike, in kin ji abu ya tokare ki kurɓi ruwa ki haɗiye. Ya kwatanta mini da ƙahwar da ta gurɗe, ba a warkar da ita da gudu. Ruwa kuma in sha da yawa ko ban jin ƙishirwa, don sanyin hunturu na ɓoye ƙishirwa ga iska busasshiya. In yi sirace da ruwan zahi zalla, in nisanci hayaƙin murhu da turaren wuta da taba, in rage shayi mai ƙarhi da yaji da dare. Haɗin Inna ya ce in ci gaba, ɗumi da zuma na lallashin wuya kuma suna rage tari, amma abin da kika haɗiye ta hanyar abinci shike bi, bai taɓa tantanin murya, don haka kar in ɗauka shi zai maido ta. Ya ƙara da cewa zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba.

Maganar hakin wuya kuwa har huskarshi ta canza. Ya ce belu, wato hakin wuyan, na can sama bayan ganɗa, tantanin murya na can ƙasa, ba abin da ya haɗa su, cire shi bai maido murya sai dai zubar jini da ciwon da aska marar tsabta ke jawowa har da sandarewar jiki. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai don na san gidaje da yawa nan Adar da ake yi ma jarirai haka tun cikin satin suna, kuma iyayen nan so ne ya sa su, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna masu. Ina son in samu hanyar da zan hwaɗa ma Hajiya ba tare da ta ji na raina ta ba, jikarta na da tsohon ciki.

Ya rubuta mini parasetamol saboda zogi da takardar hutu, ya ce in dishewar ta wuce mako 3 in dawo shi tura ni wurin lokotoron kunne da hanci da maƙogwaro a leƙa ciki, musamman ga mai shan taba wannan ba abin wasa ba ne, tari kuma in ya zarce mako 2 sai an gwada kaki saboda tarin huka. In ko numfashi ya hwara wuya ko da tsakar dare ne kar a jira sahiya.

Da marece na ɗora ruwa na juye a kwano na lulluɓa da zane na shaƙi tururin, na sa yara sunka matsa nesa don gudun ƙuna. Babbar ɗiyata ce ta yi girki yau don kar in tsaya kan hayaƙi, Inna kuma ta yarda ta ɗage turarenta zuwa wani lokaci ko da dai ta ɗan yi mita. Ƙanwata ta kira daga Yamai ban ɗauka ba, na rubuta mata a WhatsApp. Takardar hutun na ɗauki hotonta na tura ma direkte, ya ce mushen CE2 zai riƙa leƙa ajin, ni kuma yanzu zan zauna in rubuta masu aikin lissahi da na karatu a kaye, baban yara shi kai da sahe in zai wuce kasuwa.