Yini ɗaya a Bern

Jirgin ƙasan da na hau daga Zurich ya shiga Bern cikin awa guda, bai ƙara ko minti ba. Mutanen Suwizalan ba sa wasa da agogo, har abin ya so ya ba ni haushi, ni da na saba da sai mota ta cika a tashi.

Daga tasha na bi rumfunan dutse na tsohon gari har gaban Zytglogge, hasumiyar da injin agogonta ke aiki tun 1530. Dab da cikar awa zakaran ƙarfe ya yi cara, kowa ya ɗaga waya. Ni kuwa gida mai lamba 49 a titin Kramgasse nake nema. Sau biyu ina wuce ƙofar, taswirar waya ce ta dawo da ni. Matakala ce matsattsiya, sai an karkace ake ba juna hanya. A sama masanin kimiyya Albert Einstein ya yi zaman haya daga 1903 zuwa 1905, yana ƙaramin ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire.

Na daɗe tsaye bakin taga ina jujjuya maganarsa. Gudun haske ɗaya ne ga kowa, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ko kana zaune ko kana sheƙawa. Tunda haske ya ƙi lanƙwasuwa, lokaci ne ya lanƙwasu. Agogon da ke cikin tafiya, in ka hango shi daga inda kake tsaye, jan ƙafa yake yi. Ba lalacewa ya yi ba, mai riƙe da shi ma ba zai ji komai ba, don bugun zuciyarsa tare suke tafiya. Wanda ya je ya dawo da kashi 87 cikin ɗari na gudun haske, shekara ɗayarsa biyu ce a gida.

Abin dariyar, wayar da ta kawo ni da wannan lissafin take aiki. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS, masu nuna wa waya inda take, gudu na sa shi jinkirin kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, nisansa da ƙasa kuma na sa shi saurin kashi 45. Ba don ana gyara bambancin ba, da taswirar ta riƙa kaucewa da wajen kilomita goma a rana, da wataƙila kogin Aare ta kai ni.

Da na sauko sai na ga yamma ta yi. Na falla da gudu zuwa tasha, jaka na dukan bayana. Na iso ina haki, na hango wutsiyar jirgin tana barin dandamali.