Rigar 'yan sama jannati da zafi da sanyin sararin samaniya

Abin da ke burge ni game da rigar 'yan sama jannatin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, shi ne yadda take rike mutum da rai a waje da ISS, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda bangaren da rana ke duka ke kaiwa kusan digiri 120, inuwa kuma ta sauka ƙasa da sifiri da digiri 150, kuma duk minti 90 sai sun zagaye duniya, rana ta faɗi ta sake fitowa.

Can babu iska ko kaɗan, to zafi ta hanyar haske kawai yake tafiya. Shi ya sa suke jera ledar Mylar mai shafen alminiyam fale-fale da yawa a jikin rigar, a tsakaninsu a sa raga ta Dacron don kar su taɓa juna, kowanne ya mayar da zafin baya. Kamar dai filas ɗin shayi. Wallahi dabarar ta yi kyau!

Amma fa zafin jikin mutumin ma ba ya fita, dole ya sa wata riga a ciki mai siraran bututu, ruwa na zagayawa yana kwashe zafin.