Daga Mannheim Zuwa Pforzheim a Sawun Bertha Benz

Ranar 5 ga watan Agusta, bayan sallar asuba, ni da ƙanena muka tayar da motar da muka ɗauko haya a birnin Mannheim, kudu maso yammacin Jamus, muka nufi Pforzheim. Da babbar hanya muka hau, da tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da ɗan abu ba, amma da gangan muka kauce mata, domin niyyarmu mu bi sawun matar da ta yi wannan tafiya a rana irin wannan a shekarar 1888, lokacin da babu gidan mai ko garejin bakanike ko ɗaya a duniya.

Sunanta Bertha, matar Carl Benz, wanda ya yi wa motar da ya ƙera mai taya uku rajistar mallakar ƙirƙira a watan Janairun 1886. An shafe fiye da shekara biyu mutane suna kallon abin a matsayin wasan masu ƙere-ƙere, masu saye ba su zo ba, ga shi kuwa dukiyar aurenta ta zuba a harkar. Sai ta tashi da sassafe, ta bar wa mijinta takarda cewa ta tafi ganin mahaifiyarta, ita da 'ya'yanta biyu, Eugen mai shekara 15 da Richard mai 13, suka tura motar nesa da gida kafin su tayar da inji, don kada ƙara ta tashe shi. Kilomita 106 ke gabansu.

Mun ratsa Ladenburg, inda iyalin suka zauna daga baya kuma inda ta rasu a 1944, muka bi gefen kogin Neckar zuwa Heidelberg ba mu tsaya ba. Tun 2008 aka kafa alluna masu ɗauke da sunanta a kan hanyar, su muka riƙa bi gari bayan gari.

A Wiesloch muka daɗe. A tsakiyar garin akwai wani tsohon kantin magani, ginin da ba shi da wani girma, da mutum-mutumin Bertha da motarta a kusa da ƙofarsa. Motar tata ba ta da tanki irin na yau, abin da take iya ɗauka bai kai lita biyar ba, saboda haka a nan man ya ƙare. Ta shiga wurin mai magani ta sayi ligroin, wani ruwa dangin fetur da ake cire tabo a tufafi da shi, ta zuba, injin ya tashi. Shi ya sa mutanen garin suke kiran kantin gidan mai na farko a duniya. Na tsaya a bakin matakalar ina duban faɗin ƙofar, ina tunanin yadda mai kanti ya ji da wata mata mai ƙura a riga ta nemi kwalaben da ya saba sayarwa ɗaya-ɗaya ga masu wanki.

Ƙanena ya dafa ni ya ce, "Yaya, ai waɗannan yaran su ne yaran mota na farko." Maganar ta shige ni, domin mahaifinmu ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Legas, kuma mun taso muna jin yadda ake kwana a daji saboda bel ya tsinke, da yadda yaron mota yake sa wa taya waigi a kan hawa. Abin da Bertha ta yi a hanya irin wannan aikin ne. Da bututun mai ya toshe, da allurar hularta ta zure shi. Da wayar wuta ta sale, da igiyar ɗaure safarta ta naɗe ta. Sarƙa ta lalace, maƙeri ya gyara. Ruwan sanyaya inji kuwa, duk rijiya ko rafin da suka tarar sai sun tsaya sun ƙara. A ganina wanda ya ƙera mota ya cancanci yabo, amma ita ce ta nuna cewa mota za ta iya barin garinsu ta isa wani gari, kuma wannan shi ne abin da mai saye yake son gani da idonsa.

A Bruchsal muka ci abincin rana, ƙanena yana karanto mini wasu abubuwan da suka faru a wannan rana. A 1914 aka kunna fitilar ba da hannu ta lantarki a birnin Cleveland na Amurka, shekara 26 kacal bayan tafiyar Bertha, saboda motoci sun riga sun yi yawan da sai an raba musu hanya. A 1960 ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso ta sami 'yancin kai. A 1962 kuma 'yan sandan Afirka ta Kudu suka tare wata mota kusa da Howick suka kama Nelson Mandela, yana sanye da rigar direba don ɓad da kama.

Bayan Durlach ƙasa ta fara tudu, domin an doshi bakin yankin duwatsu da itatuwa da ake kira Baƙin Daji. Motarmu ta haye ba tare da mun ji komai ba, amma ta su Bertha mai giya biyu ce, ba ta da ƙarfin hawa, dole suka riƙa sauka suna turawa cikin zafin bazara. Da suka koma gida ta gaya wa mijinta, ya ƙara wa motar giyar hawa tudu. Birkin ma na katako ne, ya cinye a gangara, har sai da baduku ya buga masa fata.

Mun shiga Pforzheim, garin maƙeran zinariya inda aka haife ta a 1849, da la'asar sakaliya. Ita sai da duhu ya fara ta iso, ta buga wa mijinta waya ta tangaraho cewa sun sauka lafiya, bayan 'yan kwanaki ta juya da motar ta wata hanyar. Ni kuma na kira mahaifinmu a Kano na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara bai katse ni ba, sai da na kai ƙarshe ya tambaye ni fatar wace dabba badukun ya sa wa birkin, kuma kilomita nawa ta yi kafin ta cinye.